Baƙin Mai a Kan Katakon Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a cikin jirgin dakon kayan nan naku da ba ya gajiya da yawo a teku. Mu nan da sauƙi. Da sauƙi na ce, ban ce lafiya lau ba, saboda haka ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Baba ya faɗi. Na dawo daga makaranta na same shi kwance a bayan gida tsakanin katakai, zarto a gefensa. Hawan jinin nan ne da yake ɓoye maganinsa a aljihu ya ce mini ya sha. Yanzu yana asibiti. Likita ta ce ɓarin jikinsa na dama ya taɓu, amma a ba shi lokaci. Kada ka ɗaga hankalinka, ba abin da za ka iya daga tsakiyar ruwa sai addu'a.

Ka san tun da mai shagon da yake haya a bakin titi ya karɓe wurinsa, Baba ya zama kamar baƙo a gidansa. Kafintan da ya yi rayuwarsa a cikin ƙurar katako, ga shi kayan aikinsa na cikin akwati a ƙarƙashin gado. To, bayan tafiyarka ya ce zai gina ɗakin aiki a tsohon lambun marigayiya Inna. Ya sa an zuba daɓen siminti, ya sayo manyan katakai, ya yi watanni yana awo yana yanka shi kaɗai. Ni ma ban tsira ba, ya ƙarar mini da allin makaranta, kullum sai ya laluba jakata kamar ɗan aji ɗaya. Ya gama yankan kaf, saura a tayar, sai wannan abu ya same shi.

Jiya a asibiti ya ɗaga hannun hagu ya yi mini alamar rufin ɗaki, ya ƙura mini ido. Na gane. Wallahi Auta ba abin da nake roƙon Allah kamar in ga mutumin nan zaune a cikin ɗakin aikinsa, ko da kallon kayansa kawai zai riƙa yi.

Ga abin da ya sa na dame ka. Ruwa ya sauka, katakan suna jibge a ƙasa, kuma na ga gara ta fara yi wa na ƙasan hanya. Kai ka yi aiki da shi kana yaro, ni ban san komai ba sai rubutu a allo. Me zan yi?

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta jira ni a ofishin kamfani har muka shigo tashar jiragen ruwa, sai yau aka miƙo mini. Na fara karantawa, na nemi wuri na zauna kamar yadda kika ce. Allah ya ba Baba lafiya, ya tashi kafaɗunsa. Ke kuma sannu, Allah ya saka miki. Ni ƙalau nake, in ban da zafin ɗakin inji da ya mai da ni kamar busasshen icce.

Na yi dariya da labarin allin. Tsohon nan ba zai canja ba. Ki ce masa Auta ya ce idan ya warke sai ya biya makaranta kayanta.

Batun gara kada ki yi wasa da shi ko kwana ɗaya. Ki samu maza su ɗaga katakan daga ƙasa, a ɗora su a kan bulo, a sa 'yan ƙananan itatuwa tsakaninsu don iska ta riƙa ratsawa. Sannan ki je wurin bakaniken layinmu ki karɓo baƙin mai, wanda ake juyewa daga inji. Ki goge kowane katako tas da tsumma, kada ki bar ƙura ko datti, don mai ba ya kama wuri mai datti. Sai ki shafe shi ko'ina da buroshi, musamman bakin katakon da cikin ramukan da Baba ya huda, nan gara ta fi so. Ki rufe da tamfol. Haka Baba yake yi, na sha yi masa har hannuna ya yi sati yana wari.

Abu ɗaya: kada ki bari maƙwabcinmu kafinta ya zo yana ba ki shawara. Kin san ba a banza Baba ya sa masa suna Mai Ƙusa ba. Mutumin da ko kujera ce ta yi ƙara sai ya zuba mata ƙusa kamar yana jin haushinta. Baba bai taɓa sa ƙarfe a jikin ginin katako ba, sai dai ya fere bakin katako ya zama harshe, ya zura shi a ramin da ya huda a jikin wani, ya kulle da fegin icce, kuma ba a kan ɗakinsa na ƙarshe za a fara ba.

Kwantiraginmu ya kusa rabi. Da zarar ya ƙare zan taho mu tayar da shi tare, shi yana zaune yana zagina, ni ina ɗaga katako.

Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata zafin injin ya yi sauƙi. An sallamo Baba, yana gida. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya fi yadda na rubuta maka da farko. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, maganar kuma ta tafi gaba ɗaya, sai wani sauti da yake yi a maƙogwaro. Amma hankalinsa na nan, idonsa na bin duk abin da ake yi. Mun samo masa keken marasa lafiya. Maƙwabciyarmu tana zama da shi idan na tafi makaranta, Allah ya biya ta.

Aikin da ka ba ni na yi shi, kuma ka zo ka ga aiki. Ka san ni da goge allo, ba a bar ni a baya ba. Na bi katakan nan ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, duk wani datti da 'yan zane-zanen lissafin da Baba ya yi a jiki na share su fes, sannan na shafe su da man har cikin ramuka. Sun yi baƙi sumul suna sheƙi. Gara kuwa ko ɗaya ba ta sake leƙowa ba. Farcena har yanzu baƙi ne, yara a aji suna tambaya ko na koma gyaran mota.

Sai dai wani abu ya faru da ya tsaya mini a rai. Da ya ɗan samu ƙarfi na tura shi bayan gida don ya ga ban bar kayansa sun lalace ba. Na yaye tamfol ina murmushi. Ya miƙa hannun hagu ya shafa bakin katako ɗaya, ya sa na matsar da shi ya shafa na biyu, ya shafa na uku. Sai ya fara wannan sautin da ƙarfi, yana dukan hannun keken, hawaye na zuba. Auta, ko ranar da Inna ta rasu ban ga hawayen Baba ba. Na ce, "Baba yi haƙuri, Auta na nan tafe, za a gina." Ya kau da kai.

Ina jin baƙin cikin ganin aikin da ba zai iya ƙarasawa ba ne. Ko kai me ka gani?

Yayarka

*

Yaya,

Na samu takardarki, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Ki yi haƙuri ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

Wane zane-zane kika share?

Ki saurara da kyau. Baba ba ya yanka harshe biyu iri ɗaya. Katako ba ya miƙewa sak, kowanne da 'yar lanƙwasarsa. Shi sai ya ɗora wannan a kan wancan, ya bi jikinsu ya zana, sannan ya yanka. Saboda haka kowane harshe raminsa ɗaya ne tak a duniya, ba ya shiga na wani. Don kada su rikice, yana sa alama iri ɗaya a gefen harshen da gefen raminsa. Ni duk zamana da shi da cizal yake sassaƙa alamar, mai zurfi, yadda ko an shafa baƙin mai sai ma ta ƙara fitowa. Shi ya sa ban ce miki komai a kai ba. Ko a mafarki ban kawo zai yi da wani abu dabam ba.

Yanzu na koma takardarki ta farko na sake karanta maganar allin. Na yi dariya a lokacin. Yau ban yi ba.

Don Allah ki fita da rana tsaka ki duba bakin kowane katako, ki bi da yatsa. Idan kin ji sassaƙa, ko 'yar ƙarama ce, to mun tsira. Idan babu, kada ki taɓa komai. Ki dai sani katakon da aka riga aka yanka ba ya son jira, yana murɗewa a hankali, harshen ya daina shiga raminsa ko da an gano shi. Na je wurin shugaban ɗakin inji na roƙi a sallame ni da wuri. Ya ce sai an samu wanda zai maye gurbina.

Me ya sa zai yi da alli, Yaya? Me ya sa?

Auta

*

Auta,

Lafiyarmu ƙalau, in wannan sunanta lafiya.

Babu sassaƙa. Na bi su da yatsa, na bi su da tocila, na kankare man da wuƙa a wurare da yawa. Babu komai sai baƙin katako.

Kana tambayata me ya sa, har sau biyu, kamar ni na riƙe masa hannu. To bari in gaya maka me ya sa. Ya fi shekara hannun Baba na rawa. Kofin shayi da hannu biyu yake ɗauka. Manyan yankan nan da ka ji ya gama, da ƙyar ya yi su, ya yi kaɗan ya zauna ya huta. Ƙaramin aikin sassaƙa alama ya fi ƙarfin yatsunsa, shi ne ya koma wa alli, kuma girman kai ya hana shi faɗa. Da kana nan da ka gani. Kai kana riƙe da Baban da ka bari, mai ɗaga gungume shi kaɗai. Ka ce in goge tas, na goge tas. Ni da nake share alli a allo kowace safiya, ina zan san wannan allin ba na sharewa ba ne?

Ba faɗa nake da kai ba. Ko kuma faɗan nake, ban sani ba. Kaina nake jin haushi, kuma kai kaɗai nake da shi da zan huce a kansa.

Mun gwada haɗawa. Maza huɗu na layinmu sun ba ni ranar hutunsu, muka fito da Baba ya zauna yana kallo. Sai su ɗago katako su nuna masa, ya girgiza kai, su ɗago wani. Shi kansa yanzu ba ya bambance su, duk sun zama baƙi iri ɗaya. Ga nauyi, ga santsin mai. Can dai ya gyaɗa kai a kan wasu biyu, aka sa harshe a rami ya shiga rabi ya tsaya. Wani ya ce a ɗan taimaka masa da guduma. Harshen ya tsage gida biyu. Baba ya rufe ido, bai sake buɗewa ba har na mai da shi ɗaki.

Likita ta kira ni gefe a zuwanmu na ƙarshe. Ta ce jininsa ya ƙi sauka, kuma irin wannan ciwo yakan dawo, idan ya dawo ba ya yin sassauci. Ta ce duk abin da muke so mu yi masa, mu yi.

Mai Ƙusa ya leƙo ta katanga, kuma wallahi da mutunci ya zo. Ya ce, "Malama, ni na san tsohon nan ba ya ƙaunar aikina, amma ba zan iya kallon wannan ba. A yanke harsunan nan duka, a daidaita tsawo, in haɗa da ƙarfen kusurwa da ƙusa. Cikin 'yan kwanaki zai zauna a ɗakinsa." Na ce sai na ji daga gare ka.

Ka ba ni amsa da wuri. In jira ka, ko in bar shi ya yi?

Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka. Shiru ya yi yawa. Kullum na dawo daga makaranta sai na biya gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga ƙofa.

Idan maganganun da na faɗa ne suka ɓata maka rai, ka yafe mini, amma ba yanzu ne lokacin fushi ba. Idan kuma shirun naka na nufin in yi abin da na ga dama tunda ni na ɓata, to na ji.

Baba ya rame. Ya daina yarda a tura shi bayan gida, yini yake yana kallon bango. Shekaranjiya bakinsa ya ƙara karkacewa na ɗan lokaci, na ɗauka shi ke nan, sai ya dawo. Katakan kuma yadda ka faɗa haka ake ciki, biyu daga cikin dogayen sun fara murɗewa, ko ni da ban san aikin ba ina gani.

Ba zan zauna in ga an fitar da shi daga gidan nan kayan aikinsa na ƙarƙashin gado ba. Na gaya wa Mai Ƙusa ya zo farkon mako.

Yayarka

*

Yaya,

Allah ya sa kuna lafiya. Takardarki mai maganar Mai Ƙusa yau ta iso hannuna, ban san ko kin aiko wata bayanta ba. An karkatar da jirginmu zuwa wata tashar dabam, muka daɗe a tsaye a bakin ruwa ba a ba mu izinin shiga ba. Ba fushi nake ba. Da wane ido zan yi fushi da ke? Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ni na ce ki goge.

Amma don girman Allah kada ki bari zarto ya taɓa harsunan nan. Alama ta tafi, amma aikin na nan. Ni zan iya gano su. Na san yadda yake faro gini daga kusurwar dama, na san yadda yake karkata bakin rami, hannuna zai tuna ko idona bai gani ba. Zai ɗauke ni lokaci amma zan haɗa su. Wanda ya tsage zan yi masa sabo. Idan aka yanke kuwa, an yanke aikin Baba na ƙarshe, abin da zai tsaya a lambun nan ɗakin Mai Ƙusa ne.

An ce wanda zai canje ni zai hau a tasha ta gaba ko wadda ke bin ta. Ki gaya wa Baba ina tafe. Ki riƙe mini su kaɗan, Yaya.

Auta

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da kake lafiya, kuma na ji daɗi da ba fushi kake ba. Baba na nan da rai. Takardarka ta zo ranar da ake buga kwanon rufi. A tsaye na karanta ta a tsakar gida, ƙarar guduma na tashi a bayana.

An gina. Mai Ƙusa ya zo da zarton lantarki, kafin azahar ya gama da harsunan. Ba zan zalunce shi ba, ya yi aiki da zuciya ɗaya, ɗakin ya tsaya daram, ga taga ga ƙofa mai faɗi da keke zai shige. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na goge kayan, na rataye su a bango ƙasa-ƙasa inda hannunsa zai kai. Na ajiye teburin aikinsa a gaban taga.

Da safe na yi masa wanka, na sa masa riga mai kyau, na tura shi ciki. Ya daɗe yana kallon sama. Sai ya miƙa hannu ya bi jikin ginshiƙin da ke kusa da shi, a hankali, har yatsansa ya sauka a kan ƙarfen kusurwa da kawunan ƙusoshi. Ya tsaya a nan. Bai yi kuka ba, bai yi wannan sautin ba. Ya nuna mini hamma a bango, gudumar nan tasa ta buga ƙusa.

Auta, ka san irin murnar da na yi? Na ce Baba zai yi aiki! Na ɗauko da rawar jiki na sa masa a hannu. Ya juya ta, ya sa bakin cire ƙusa a ƙarƙashin kan ƙusar farko, ya fara ja.

Tun daga ranar abin da yake yi ke nan. Da gari ya waye zai fara dukan hannun keke sai an kai shi. Ba shi da ƙarfi, hammar na suɓuce masa, in ɗauko in ba shi. Yakan yi safiya guda kafin ƙusa ɗaya ta ɗago kamar faɗin yatsa, gumi na zuba a wuyansa. Wata rana ya ci sa'a ya zare ta gaba ɗaya, ya jefar a ƙasa. Na roƙe shi, na durƙusa a gabansa na ce, "Baba ginshiƙin nan shi ke riƙe da rufin, a kanka zai faɗo." Ko kallona bai yi ba. Na ɓoye hammar rana ɗaya, ya ƙi cin abinci, ya ƙi shan magani, sai na mayar masa.

Saboda haka idan ya yi barcin rana, nakan koma in mai da abin da ya cire. Ɗakin kwanansa ba nisa, na san yana jin bugun. Ya daina karɓar abinci daga hannuna, sai maƙwabciya ta ba shi. Ramukan kuma suna ƙara faɗi, jiya da ɗan yatsa na tura wata ƙusa ta shige. Mai Ƙusa ya ce zai kawo manya. Ban san ranar da manyan ma za su daina kamawa ba.

Na roƙi Allah in gan shi zaune a ɗakin aikinsa, ga shi kuwa yana zaune, kullum. Zuciyata ta gaji, Auta, ban san kuma me zan roƙa ba.

Idan an sallame ka ka taho, amma ba sauran abin da hannunka zai gano. Ka zo dai ka zauna kusa da shi, wataƙila kai zai dube ka. Zan tsaya a nan. Ya samu barci, kuma ƙusoshin yau suna can suna jirana.

Yayarka